Malaman kemistiri, don Allah ku taimaka min kafin darasin ranar Litinin

Rukayya:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Shawara nake nema. Ni 'yar bautar ƙasa ce, aikin gona na karanta, amma da aka turo ni sakandaren da nake sai aka ce babu malamin kemistiri, in riƙe 'yan SS1 tunda na taɓa yin sa a jami'a. Babu ɗakin gwaji, daga allo sai alli, ga aji cike maƙil.

Abu biyu ne suka tsaya min. Na farko, littafinmu ya raba canjin da ke samun abubuwa gida biyu, canjin kama da canjin sinadari. Ya ce na kama ana iya mayar da abu yadda yake, na sinadari kuwa ba a iyawa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, niƙan gero fa? Ai gari ba ya komawa gero." Wani daga baya ya ce tulu ma in ya fashe ya fashe ke nan. Alhali a littafin, niƙa da fasawa duk suna layin canjin kama. Na dai ce mu haɗu Litinin.

Na biyu, daidaita ikweshan, wato layin da ake rubuta canjin sinadari da shi, a sa adadin hagu ya yi daidai da na dama. In na ba su H₂ + O₂ → H₂O, wato haidirojin da oksijin su ba da ruwa, sai rabin aji su ɗosana 2 a gindin O, su rubuta H₂O₂, su ce ai ya daidaita. In na ce ba a yin haka sai su ce me ya sa, tunda lissafi ya fita? Sannan akwai wannan na gas ɗin girki da ke cikin atisayen littafin, C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O, duk yadda aka juya shi sai oksijin ya ƙi rabuwa biyu. Ta yaya zan fito musu da abin nan a fili ba tare da kayan gwaji ba? Allah ya saka da alheri.

Sadik:
Anti, mu yadda aka koya mana kafin WAEC mai sauƙi ne. In kin ga kumfa, ko launi ya canza, ko zafi ya fito, ko wari, to canjin sinadari ne. In babu ko ɗaya, na kama ne. Su haddace kawai.

Malam Garba:
Wa'alaikumus salam 'yata. Yarinyar da ta yi miki tambayar gero ki ja ta a jiki, tana da kai. Ita ce da gaskiya, littafin ne ya gajarta zance. Batun ana iya mayarwa ko ba a iyawa alama ce kawai, takan yi daidai sau da yawa, amma ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin tambaya ɗaya ce tak: bayan canjin, an samu wani sabon abu da a da babu shi, ko kuwa abin nan ne dai ya sake kama?

Ɗauki geron nata. Sitacin da ke cikin ƙwayar gero shi ne a cikin gari, injin niƙa bai ƙara komai ba, bai rage komai ba, girman ɓarɓashi kawai ya canza. Tulu ya fashe, kowane katanga yumɓun nan ne gasasshe. To amma ki jiƙa geron, ki niƙa, ki bar ƙullun ya kwana kamar yadda ake yi wa koko. Da safe ki ɗanɗana, za ki ji tsami. Daga ina tsamin ya zo? Asid ne da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suka samar daga sukarin da ke cikin ƙullun. Jiya babu shi, yau ga shi. Wannan canjin sinadari ne. Kin ga a gero ɗaya kin nuna musu duka biyun, kuma babu yaron da bai san koko ba.

Ta ɗaya ɓangaren ma ƙa'idar littafin tana karyewa, don akwai canjin sinadari da ake mayar da shi baya. Wannan za ki iya yi a gabansu da kuɗi ƙalilan. Ki dafa zoɓo ki tace, ki zuba a kofin gilas, ki ɗan tsarma shi da ruwa don a ga launin sosai. Ki jiƙa kanwa a wani kofin. Ki riƙa ɗiga ruwan kanwar a zoɓon, za su ga jan ya mutu, ya yi duhu, ya koma wani kore-kore mai baƙi. Nan take ki matsa lemon tsami, ja ya dawo. Sinadarin da ke ba zoɓo launi ne kanwa ta canza masa tsari, asid ɗin lemo ya mayar da shi. Kada dai ki bar shi ya daɗe a cikin kanwar, in ya daɗe launin kan lalace ya ƙi dawowa yadda yake.

Sadik ɗana, alamun da ka lissafa suna da amfani, amma ba su yanke hukunci. Ruwa a tukunya yana tafasa yana ɓulɓulo da kumfa, kuma abin da ke cikin kumfar nan tururi ne, wato ruwan ne dai. Ka tara murfi a kai zai ɗigo maka ruwa. Ka je maƙera ka ga ƙarfe ya yi ja zur a wuta, launi ya canza, ga zafi, amma da ya huce ƙarfe ne. Abin da ya zama sabo a wurin shi ne baƙin ɓawon nan da ke ɓarewa yana zuba a gindin uwar maƙera in ana dukan ƙarfen. Shi kam ƙarfe ne da ya haɗu da oksijin na iska. Yaron da ya haddace "kumfa da launi" sai ya faɗi tambayar ruwan tafasa, kuma tana yawan fitowa.

Maman Ilham:
Baba sannu da ƙoƙari. Ni ban yi kimiyya ba, amma 'yata tana SS1 kuma irin wannan ne aikin gidanta na wannan makon, shi ya sa na tsaya ina karantawa. To madara da ta zama nono fa? Da kaɗa nono a cire man shanu? Ita ta rubuta duka biyun sinadari ne, wai ai man shanu sabon abu ne, a da ba a ganinsa.

Nafisa:
Maman Ilham, na farko ta ci, na biyu ta faɗi. Madara ta kwana ta zama nono, sukarin madara ya koma asid, shi ya kawo tsami da kauri, wannan sinadari ne. Man shanu kuwa dama yana cikin madarar tun daga hantsar saniya, a warwatse yake ƙanana-ƙanana. Kaɗawa tara shi kawai take yi wuri ɗaya. Ki ce mata rashin ganin abu ba shi ne babu shi ba. Haka matsar ƙuli a fitar da man gyaɗa, man yana cikin gyaɗar. Amma in ƙulin ya ƙone a kasko ya yi baƙi yana ɗaci, nan an shiga wani babin.

Rukayya, in kina son ƙarin misalan gida: dafa ƙwai, sabulun salo da ake haɗawa da ruwan toka da mai, daddawa, lalle da ya kama fata, duk sinadari ne. Kafur da aka sa a akwati ya ƙanƙance har ya ɓace, na kama ne, iska ya bi ba tare da ya zama wani abu ba, shi ya sa kaya ke ƙamshinsa.

Malam Garba:
Nafisa ta kawo su daidai. In ƙara ɗaya da na fi so, don 'yan Kano sun san shi: a marinar Ƙofar Mata in an tsamo zane daga karofi ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne. Sai an ɗaga shi ya sha iska sannan shuɗin ya bayyana a gaban idonka. Oksijin ne ya haɗu da sinadarin baba da ya shiga zaren. Marina sun san a tsoma a ɗaga, a tsoma a ɗaga, tun kafin a san da wani abu wai shi oksijin.

Musbahu:
Malam, da izininka ina da ja a wuri ɗaya. Littattafan sakandare suna cewa gishiri a ruwa canjin kama ne. Amma mu a jami'a an nuna mana NaCl, wato gishirin, yana rabuwa ya zama Na⁺ da Cl⁻, sodiyam da kilorin masu caji, a cikin ruwa, haɗin da ke riƙe da su ya warware. Ga shi ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, busasshen gishiri ba ya ɗauka. Wannan ba sabon abu ba ne? Ni a ganina ƙarya ake koya wa yara.

Ibrahim Damagaram:
Musbahu, in da gishiri yana zama wani abu daban a ruwa, da mutanen Bilma sun daɗe da barin sana'a. Ruwan gishiri suke tarawa a ramuka, rana ta shanye ruwan, gishiri ya saura, a zuba shi a yi kantu, raƙuma su ɗauko. Abin da ya shiga ruwa shi ne ya fito.

Musbahu:
Ai wannan hujjar "ana iya mayarwa" ce, wadda Malam ya gama rushewa yanzu.

Malam Garba:
Ka kama shi, Musbahu, kuma tambayarka ba ta wasa ba ce, masana ma sun yi ta muhawara a kanta. Amma duba nan. Na⁺ da Cl⁻ ba a cikin ruwa aka ƙirƙire su ba. A ƙwayar gishirin ma haka suke, kowanne da cajinsa, sai dai a jere suke a matse, ba su motsi, shi ya sa busasshe ba ya ɗaukar lantarki. Ruwa ya zo ya raba su suka samu damar yawo. Sodiyam bai koma ƙarfen sodiyam ba, kilorin bai koma iskar kilorin ba. Don haka in aka ce na kama ne ba ƙarya aka yi ba, kuma shi ne amsar da ake so a jarrabawa.

Kwatanta shi da wannan. Ka ɓare tsohon batirin tocila ka yanko ɓawon zink ɗin, ka jefa a asid HCl. Shi ma zai ɓace wa ido kamar gishirin, amma yana ɓacewa iska na fita, haidirojin. Ka busar da ruwan, ba za ka ga zink ba, wani farin gishiri za ka gani, ZnCl₂. A ido abu ɗaya ne ya faru, a hakika ba su haɗa hanya ba. 'Yata Rukayya, ban ce ki kai wa 'yan SS1 wannan muhawarar ba. Amma in mai tambayar gero ta taso da ita, kin san abin da za ki ce.

Malama Hadiza:
Ƙanwata Rukayya, su Baba sun gama da na farko, bari in ɗauki na biyu, don shi nake fama da shi kowace shekara a SS1.

Masu ɗosana 2 a gindin O ba iskanci suke yi ba, ba su san ƙaramar lambar nan tana cikin sunan abin ba ne. Ni ga abin da nake ce musu. Keke Napep ƙafa uku gare shi. In kana son ƙafa shida sai ka kawo Napep biyu. In ka ce a'a, bari ka ƙara masa ƙafa, to ka tashi daga Napep, wani abin hawan ka ƙera. Babbar lambar da ake sawa a gaba ita ce Napep nawa, ƙaramar ta ƙasa ita ce ƙafafun, ba a taɓa ta. Sannan ki je kemis ki sayo ƙaramar kwalbar haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Ki ajiye ta kusa da kofin ruwa a kan tebur, ki rubuta H₂O a gaban ɗaya, H₂O₂ a gaban ɗayan, ki ce wa zai sha wannan? Daga ranar ba su ƙarawa. Amsar dai ita ce 2H₂ + O₂ → 2H₂O, haidirojin huɗu hagu huɗu dama, oksijin biyu hagu biyu dama.

Tunda babu kayan gwaji, ki sa su taro murafen kwalbar lemo kala-kala. Ja oksijin, fari haidirojin, baƙi kabon. A haɗa su bibbiyu a gefen hagu na benci, a ce su wargaza su gina H₂O a gefen dama, da sharaɗin ba a jefar da murfi ko ɗaya, ba a aro daga bencin wani. Da kansu za su ga jan murfi ɗaya ya yi saura, su ce Malama muna buƙatar ƙarin H₂. Shi ke nan sun gano babbar lamba da hannunsu.

In an koma allo, kowane ikweshan sai an ja layi a ƙarƙashin kibiya an yi jadawali, sunan atam, wato ƙwayar zarra irin H ko O, adadinsa a hagu, adadinsa a dama. Duk lokacin da aka canza lamba a sake ƙirga kowa da kowa. Yara suna ƙin wannan don suna ganin ɓata lokaci ne, amma kusan duk kuskurensu daga tsallake shi yake fitowa. Kuma a fara da atam ɗin da ya fito a wuri ɗaya kacal a kowane gefe, a bar wanda yake tsaye shi kaɗai, kamar O₂ ko H₂ ko ƙarfe zalla, sai a ƙarshe, don shi in kin canza lambarsa ba ya taɓa kowa.

Yanzu na gas ɗinki, C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O. Kabon huɗu ne a hagu, sa 4 a gaban CO₂. Haidirojin goma ne, kowane H₂O yana ɗauke da biyu, sa 5 a gabansa. Ƙirga oksijin a dama: 4 sau 2 takwas, da biyar na ruwa, 13. Nan kowa ke maƙalewa, don O₂ bibbiyu yake zuwa. Kada ki ji tsoro, rubuta 13/2 a gaban O₂, ya daidaita. Sai ki ninka kowace lamba da 2 don rabin ya tafi:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Kabon 8 da 8, haidirojin 20 da 20, oksijin 26 a hagu, 16 da 10 a dama. Kafin ki ba su wannan ki fara ba su ɗan'uwansa da ke cikin tukunyar gas ɗin tare da shi, C₃H₈, shi ba ya kawo rabi: C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O. In suka ci wannan sai su shiga wancan da ƙwarin gwiwa.

Abu na ƙarshe, ƙungiyoyi irin SO₄ da NO₃ da PO₄. In ƙungiyar ta fito a hagu da dama ba ta wargaje ba, a ƙirga ta a dunƙule. Misali Al + H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + H₂. SO₄ uku ne a dama, sa 3 a gaban asid. Al biyu ne, sa 2. Haidirojin ya zama shida, sa 3 a gaban H₂. An gama: 2Al + 3H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + 3H₂. Wanda ya tsaya ƙirga S daban O daban sai ya kai la'asar.

Rukayya:
Anti Hadiza Allah ya biya ki, wallahi kamar an yaye min labule a kan 13/2 ɗin nan. Amma na san yaran nan, za su ce to me ya sa dole sai hagu ya yi daidai da dama? Musamman wanda zai ce ai in an ƙona itace guda, toka 'yar kaɗan ke saura, ina sauran ya tafi?

Malam Garba:
Madalla, nan ne darussan naki biyu suka zama ɗaya, kuma da ni ne da nan zan fara. A canjin sinadari sabon abu ake samu, amma ba sabon atam ba. Atam ɗin da aka shiga da su su ne ake fita da su, abokan zama kawai suka sake. Ikweshan ƙidaya ce ta nuna babu wanda ya ɓace a hanya. In yaro ya rubuta H₂ + O₂ → H₂O ya tafi, cewa ya yi atam ɗin oksijin ɗaya ya ɓace daga duniya.

Tambayar toka kuwa ta daɗe tana ruɗa manya. Wanda ya warware ta da sikeli wani Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier. A 1774 ya sa ƙarfen kuza a cikin kwalba ya toshe bakinta gam, ya auna, ya gasa har ƙarfen ya yi ɓawo, ya sake aunawa, nauyi bai motsa ba. Da ya buɗe sai iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru. Ashe ƙarfen wani ɓangare na iskar cikin kwalbar ya ci. A 1789 ya rubuta ƙa'idar a fili, cewa nauyin kafin canji da na bayansa ɗaya ne. Bawan Allah, a 1794 'yan juyin juya halin Faransa suka fille masa kai, ba don kimiyya ba, don yana cikin masu karɓar haraji.

To itacen ɗalibinki sama ya tafi. Yawancinsa kabon ne da haidirojin da oksijin, sun fita a matsayin CO₂ da tururi. Toka ita ce abin da bai iya tashi ba. Nuna musu da lamba a kan gawayi: C + O₂ → CO₂, giram 12 na kabon da giram 32 na oksijin suna ba da giram 44 na CO₂. Kin ga abin da ya tashi ma ya fi gawayin nauyi, don ya haɗa da iskar da ya ci. Tsatsa kuma akasin haka take nunawa a ido, 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃, giram 224 na ƙarfe da 96 na oksijin, 320. Tsatsa ta gaske tana riƙe da ruwa a jikinta, amma ga SS1 wannan ya isa.

In za ki samu aron ƙaramin sikelin lantarki na masu yin kek, ga gwajin da zai rufe bakin kowa. Babbar gorar lemo ta roba, irin ta lemo mai gas, mai murfi lafiyayye. Zuba ruwan khal kamar rubu'in kofi. Ƙunshe bekin soda cokalin shayi ɗaya a 'yar takarda, ki jefa, ki ɗaure murfin da sauri, ki ɗora a sikeli. Zai yi ta kumfa, gorar ta yi tauri, lambar sikeli ba ta sauka ba. Kwance murfin a hankali, fuuu, ki girgiza, ki sake ɗorawa har da murfin. Za su ga giram ɗaya ko biyu sun tafi. Ki tambaye su ina suka je. Kada ki wuce cokali ɗaya, kuma kada ki yi da kwalbar gilas.

Nafisa:
Tunda Baba ya ambaci gawayi, Rukayya don Allah ki ƙara musu wannan ko da ba ya cikin manhaja. In iska ta yi ƙaranci ba CO₂ gawayi ke bayarwa ba, 2C + O₂ → 2CO yake yi. Bambancin oksijin ɗaya ne a rubuce, amma CO, wato iskar kabon monoksaid, ba shi da launi ba shi da wari, yana kama jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Shi ne ke kashe mutane a hunturu in an kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, haka hayaƙin janareto. Wannan ma wata hujjar ce ga masu wasa da ƙaramar lamba.

Ibrahim Damagaram:
Mu a nan akwai hanyar da aka koya mana ta haruffa, ba ta da canki-canka. Ɗauki Fe₂O₃ + CO → Fe + CO₂, wanda yake wahalar da yara don oksijin yana wuri uku. Sa a, b, c, d a gabansu bi da bi. Ƙarfe ya ce 2a = c. Kabon ya ce b = d. Oksijin ya ce 3a + b = 2d. Tunda b da d ɗaya ne, b = 3a. Ba a lamba 1, sai b ya zama 3, d 3, c 2. Fe₂O₃ + 3CO → 2Fe + 3CO₂. Kuma wannan shi ne abin da ke faruwa a murhun kakanninmu masu narka tama da gawayi, gawayi ya ba da CO, CO ya ƙwace oksijin daga tama ya bar ƙarfe.

Malama Hadiza:
Malam Ibrahim hanyarka tana da kyau, ni ma ina koyar da ita, amma a SS2. In ka ba 'yan SS1 ita yanzu za su mayar da abin aljabara zalla, su manta atam ake ƙirgawa. Na ga yaran da suka iya a, b, c sarai amma suka daidaita ikweshan da fomular da babu ita a duniya. Su fara sanin fomula daidai tukuna, in fomula ta karkace duk abin da aka ɗora a kai banza ne.

Rukayya, ga atisaye ki gwada su da shi, daga sauƙi zuwa wuya. Sadik kai ma ka gwada mu gani.
Na + Cl₂ → NaCl
N₂ + H₂ → NH₃
CaCO₃ → CaO + CO₂
Ca(OH)₂ + H₃PO₄ → Ca₃(PO₄)₂ + H₂O
Na biyun ke mai aikin gona kin san shi, daga NH₃, wato amoniya, ake yin takin yuriya. Na uku shi ne dutsen da ake gasawa a kamfanonin siminti irin na Sakkwato da Ashaka da Malbaza.

Rukayya:
Na gode ƙwarai iyayena. Ga yadda na tsara: Litinin zoɓo da kanwa da batun gero da koko, Laraba murafen kwalba, gwajin gora sai na samu sikeli. Tambaya ɗaya ta rage. Littafin ya kawo kyandir mai ci, bai ce ga layin da yake ba. Kuma akwai gwajin garin ƙarfe da farar wuta, zan iya yin sa?

Malam Garba:
Kyandir duka biyun ne a lokaci ɗaya. Wanda ya narke ya gangaro ya daskare a gindi, na kama ne, ki tara shi ki sa lagwani ki sake kunnawa. Wanda ya hau lagwani ya ci wuta ya zama CO₂ da tururi, sinadari ne, shi ya sa kyandir ke gajarcewa. Ki kifa busasshen kofin gilas mai sanyi a saman harshen wutar na ɗan lokaci, za su ga raɓa a jikinsa, ruwan da ƙonewar ta haifar ke nan.

Na farar wuta rabinsa za ki yi. Karɓo garin ƙarfe wajen masu walda, ki gauraya da dakakkiyar farar wuta, ki ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika ki naɗe shi a leda ki wuce da shi ta sama, ƙarfe zai bi shi ya bar farar wutar. Rabin na biyu, wato gasa su su zama FeS, ki bar shi a allo. Farar wuta in ta kama a iska tana ba da SO₂ mai shaƙe maƙogwaro, ga aji a cike, kuma ba ki san wa ke da asma ba.

Sadik:
Anti Hadiza ga nawa.
2Na + Cl₂ → 2NaCl
N₂ + 3H₂ → 2NH₃
2CaCO₃ → 2CaO + 2CO₂
3Ca(OH)₂ + 2H₃PO₄ → Ca₃(PO₄)₂ + 3H₂O

Malama Hadiza:
Na ɗaya da na biyu sun yi. Na uku tarko na sa, dama a daidaice yake, kai kuma ka ninka shi. Ƙirga ta fita, amma ana son lambobi mafi ƙanƙanta, don haka share duk 2 ɗin nan. Na huɗu ka kama Ca da PO₄ daidai, sai ka ƙirga haidirojin na asid kaɗai ka manta na OH. Uku sau biyu shida daga Ca(OH)₂, biyu sau uku shida daga H₃PO₄, goma sha biyu ke nan, don haka 6H₂O ne. Koma ka ƙirga oksijin da 6 ɗin, ya kamata ka samu 14 a kowane gefe.